Kaset ɗin Rich Mullins ya fi situdiyo dubu

Duk wanda ya taɓa zama sujadar matasa a Jos, Kaduna ko Yola, da wuya a ce bai ji an ɗauki amshin "Awesome God" ba. 'Yan kwaya sun haddace shi, masu jita sun iya shi ko da ido a rufe. Amma tambayi wanda ya rubuta, sai a yi ta kallon juna. To Rich Mullins ne, Ba'amurke ɗan jihar Indiyana, kuma a 1988 ya fitar da waƙar. Sai dai in za a bar ni in faɗi son raina, ba nan gwanintarsa take ba. Tana cikin The Jesus Record, faifan da ya fito a 1998, lokacin da mai shi ya riga ya kwanta dama. Jama'a, ban taɓa jin faifan waƙoƙin bishara da ya kama ni kamar wannan ba!

Ga yadda aka yi. Ranar 10 ga Satumba 1997 Mullins ya shiga wata tsohuwar majami'a da aka daina sujada a cikinta, ya ajiye ƙaramar rakoda mai kaset, ya danna, ya rera sababbin waƙoƙi tara da piyano da jita. Gwaji ne kawai, don abokan kiɗansa su ji yadda yake son aikin ya kasance kafin a shiga situdiyo. Bayan kwana tara, ranar 19 ga wata, motarsu ta kife a jihar Ilinoyi suna hanyar zuwa Wicita wajen wani taron waƙa na tara taimako. Ya rasu yana da shekara 41. Abokin tafiyarsa Mitch McVicker ya tsira da munanan raunuka.

Sai ƙungiyarsa, Ragamuffin Band, ta yi abin da ya sa nake yi musu addu'a har gobe. Ba su ɓoye kaset ɗin ba, ba su yi masa kwalliya ba. Suka fitar da faifai biyu a haɗe: na farko kaset ɗin nan yadda yake, na biyu kuma waƙoƙin da suka sake yi a situdiyo tare da manyan baƙi.

Na biyun yana da kyau, ba na musu. Amy Grant ta yi "Nothing Is Beyond You" cikin natsuwa, Ashley Cleveland ta saki murya a "Jesus", ga Michael W. Smith, ga Phil Keaggy. "My Deliverer" ta ci kyautar Dove ta waƙar shekara a 1999, kuma ta cancanta. Amma ni kam na farkon nake komawa kullum. Kana jin shuuu ɗin kaset, kana jin ɗakin fayau ba kowa, muryar tana ɗan karcewa in ya kai sama. Kamar tuwon da aka kwaso daga tukunya ne aka miƙo maka da zafinsa, ba a tsaya mulmula shi ba.

Waƙar farko, "Hard to Get", ita ce ta gama da ni. Mutum ne ya zauna yana kai ƙarar Allah wurin Allah. Yana tambaya ko wanda ke zaune cikin ɗaukaka yana tuna yadda kaɗaici da tsoro suke ga mu da ke ƙasa, shi da ya taɓa yin gumin jini a Getsamani. Ba ya zagi, ba ya kuma yin kamar komai lafiya. Wanda ya karanta Ayuba ko Zabura ta 88 ya san wannan muryar. Mu da muka saba da waƙoƙin cin nasara da buɗi daga farkon sujada har a tashi, mun kusa manta cewa kuka ma sujada ne. Uwar da ta binne ɗa, magidancin da aka ƙone masa gona, wace waƙa muke ba su ranar Lahadi? Mullins ya rubuta musu tasu.

"My Deliverer" kuwa, wadda suka rubuta da McVicker, da gudun hijirar Yusufu da Maryamu da jariri daga hannun Hirudus take farawa. Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi shi ne bai ce Masar ba, Afirka ya ce. Nahiyarmu ce ta ɓoye Almasihu yana jariri, kuma sai da wani ɗan manomin Indiyana ya rera kafin abin ya zauna mini a zuciya. "You Did Not Have a Home" tana da sauri, har za ka iya tafi, amma maganar cikinta nauyi gare ta: Ubangijin da ba shi da gida, ba shi da wurin sa kai.

Ga dalilin da ya sa na yarda da Mullins. Bai rera talaucin Yesu yana kwance a katafaren gida ba. Kuɗin waƙoƙinsa hannun dattawan ikilisiyarsa suke shiga, su biya shi daidai albashin ma'aikaci na tsaka-tsaki a Amurka, sauran a rabar, har da ƙungiyar Compassion International mai kula da yara marasa galihu. Da ya gama karatun koyar da kiɗa a jami'ar Friends a 1995, lokacin da sunansa ke tashe, sai ya tattara ya koma yankin ƙabilar Nabaho a Niyu Meziko yana koya wa yara kiɗa. Bai yi aure ba. Yakan hau dandali ba takalmi, da farar singileti da wandon jins. Waliyyi Faransis na Asisi ne gwaninsa. Kuma bai taɓa nuna kansa a matsayin tsarkakakke ba. A gaban dubban mutane yakan faɗi rauninsa ba kunya. Ku gwada wannan da zamanin da sai an gama cinikin kuɗin gayyata kafin mawaƙi ya yarda ya zo taron farkawa. Ba na kiran suna.

In kun ƙoshi da wannan, ku nemi A Liturgy, a Legacy, & a Ragamuffin Band na 1993, ku ji yadda yake kaɗa dalsima, kayan kiɗan nan mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna, a waƙar "Creed". Amma ku fara da kaset ɗin. Shugabannin kwaya da masu rubuta mana waƙoƙin bishara da Hausa, ku nake roƙo musamman: ku saurari faifan farko daga farko har ƙarshe ba tsallake, sannan ku koya wa matasanku sunan wanda ya rubuta waƙar da suke rerawa.