Jinjina ga Malaman Judo

Jigoro Kano ya taso ɗan tsurut, ƙarfafan ɗalibai suna cin zalinsa a makaranta. Abin da ya tura shi koyon kokawar jujutsu ke nan. A 1882 ya buɗe makarantar Kodokan a Tokiyo, ya kafa judo, wasan da ya shiga gasar Olamfik a 1964.

Malaman da suka gaje shi sun cancanci jinjina. Darasin farko a wurinsu shi ne faɗuwa: sabon shiga ya maƙale haɓa a ƙirji, ya bugi tabarma da tafin hannu, ya miƙe. Haka za a yi ta maimaitawa har tsoro ya bar jikinsa.

Ma'aikacin da ogansa ya saba yi wa tsawa a bainar jama'a yana cin moriyar wannan horo. Ba ya kai hannu. Yakan tsaya daram, ya dubi mai tsawar ido cikin ido, ya ce ya isa, sannan ya kai ƙara inda ya dace.

Ɗaya daga cikin malaman nan, Keiko Fukuda, ɗalibar Jigoro Kano, ta koyar da mata judo a San Faransisko har ta rasu a 2013 tana da shekara 99.