Jinjina ga Ma'aikatan Bayan Fage

Jarumai ake gani a fosta, amma fim ba ya tsayuwa sai da mai ɗaukar hoto, mai haske da mai tacewa. Tun zamanin fim ɗin Turmin Danya a 1990, yawancin gwanayen Kano a bakin aiki suka koya. Yaro zai fara da naɗe waya da dakon fitilu, ya daɗe yana kallon hannun maigidansa kafin a damƙa masa kyamara. Mai riƙe sandar sauti ya fi burge ni: hannu a sama har a gama fitowa, ko tari ba ya yi. Makarantar fim ta Jos ma tana yaye irin waɗannan ma'aikata. Furodusoshi, ku riƙa jan masu koyo a jiki, ku biya su haƙƙinsu.