Aristo a Cikin Na'ura: Sharhi a Kan Hasashen Patrick Suppes

A shekarar 1966 mujallar Scientific American ta buga maƙalar Patrick Suppes, masanin falsafa a Jami'ar Stanford ta Amurka, game da amfani da kwamfuta wajen koyarwa. A ciki ya yi hasashen cewa ba da jimawa ba miliyoyin yara za su samu abin da Iskandar ɗan Sarki Filibus na Makidoniya ya samu, wato malami na kansu mai sani da saurin amsawa irin na Aristo.

Wajibi ne a yi wa marubucin adalci, domin bai yi magana da ka ba. A lokacin yana gwada koyar da ɗaliban firamare lissafi da na'ura, kuma ya kasa aikin zuwa matakai uku: bita da maimaici, sai koyar da sabon darasi, sai tattaunawa tsakanin ɗalibi da na'ura. Ya yarda cewa mataki na uku yana da sauran tafiya. Jinkirin ya zarce zatonsa, amma tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ɗalibi na iya tambayar na'ura da harshensa ta amsa masa nan take. Haka kuma ya yi daidai da ya ce kowane yaro da irin saurin fahimtarsa, abin da makarantar allo ta daɗe da kiyayewa, inda kowa ke tafiya da allonsa.

Raunin maƙalar yana cikin misalin da ta fi shahara da shi. Suppes ya auna malami da ma'auni biyu kawai: yawan sani da saurin amsa. Alhali Aristo, wanda masana falsafar Musulmi suka yi wa laƙabi da Malami na Farko, mutum ne sananne da ya zauna da ɗalibinsa shekaru, ya ga halinsa, kuma ana iya tuhumarsa idan ya karkatar da shi. Wannan amana ita ce hasashen ya tsallake.

A nan ne al'adar karatunmu ke da abin cewa. Imam Muslim ya kawo a muƙaddimar Sahihinsa gargaɗin Ibn Sirin cewa ilimin nan addini ne, don haka a duba daga wa ake karɓarsa. Zarnuji ya ware fasali a Ta'alimul Muta'allim kan zaɓen malami da abokin karatu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya rubuta Ida'un Nusukh don ambaton malaman da ya yi karatu a wurinsu. Dukkansu sun ɗauki sanin mai faɗa a matsayin wani yanki na sanin abin da aka faɗa.

Na'urar yau tana harhaɗa amsa ne daga tarin rubuce-rubucen da aka horar da ita a kansu. Takan jingina magana ga littafin da ba ta cikinsa, da lafazi mai santsi, ba tare da ta san ta yi kuskure ba. A darasin lissafi ana gane kuskure da sake lissafawa. A hadisi kuwa ɗalibi na iya ɗaukar ƙagaggen lafazi ya hau mumbari da shi.

Saboda haka rabin hasashen Suppes ne ya tabbata. Ya kamata sassanmu su karɓi na'ura a matsayin mai taimakon bita da bincike, su kuma shardanta wa ɗalibi komawa ga asalin littafi da karanta shi a gaban malami kafin ya kafa hujja da duk abin da ta ba shi. Allah ne Mafi sani.