Takardar manufa bashi ce

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Anu Araren ya san hayaƙin SONICHAR. Nan ake ƙona gawayin ƙasa, wutar ta bi waya har ramukan yuraniyom na Arlit. Takardun manufa biyu da suka fi suna a arewacin Nijar, kan wannan suka tsaya: arziki yana fita, mai ƙasa yana kallo.

A 1994 gamayyar ƴan tawaye ta CRA, ta su Mano Dayak, ta fitar da kundin buƙatunta: yankunan arewa su riƙe harkokinsu, su samu rabo cikin arzikin ƙasarsu. Aka sa hannu kan sulhu a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995. A 2007 MNJ ta Agali Alambo ta dawo da kusan magana ɗaya, tana cewa ba a cika alkawari ba.

Koken gaskiya ne. Ni inda nake kuka da su shi ne, wa aka rubuta wa? Duka biyun da Faransanci suka fito, fuskarsu na kallon Yamai da Paris. Makiyayin da aka ce don shi ake yaƙi bai iya karanta su ba, balle leburan Akokan. To ranar da shugabanni suka zauna teburin sulhu, da me talaka zai auna abin da aka karɓo da abin da aka bari? Sai dai ya ji a rediyo.

Dubi Jawabin Sawaba na NEPU a Kano, 1950. Gajere ne, kuma ƴan jam'iyya suka bi kasuwa-kasuwa da saƙonsa, cikin lacca da waƙa, da Hausa. Shi ya sa har yau kalmar sawaba ba ta mutu ba.

Amfanin takardar manufa ke nan: mai rubutu ya ci bashi gaban shaidu, in ya kauce a tare shi da kalmominsa. COMINAK ta rufe a 2021, ta bar tulin shara da ma'aikata ba aiki. In mu ma za mu rubuta tamu kan wannan, mu faɗi buƙata ƙwaya uku, wa zai cika, kuma yaushe. Mu karanta ta da Hausa da Tamajak a bakin kasuwa. In mai tuwo-tuwo ba ta iya maimaita ta ba, wallahi mu koma mu sake.