Hular Hannu da Idon Mai Saye

Wanda ya bi titin Gwarzo daga Kabuga zai iske Rijiyar Zaki a ƙaramar hukumar Ungogo, inda gine-gine ke ta cinye gonaki. Nan ma, kamar sauran ƙasar Kano, akwai matan da ke ɗinkin hula a cikin gida, tsakanin girki da raino. Su dai sana'a suke yi. To, me zai sa a ce aikinsu fasaha ne?

A ganina amsar tana hannun mai saye. Dubi dattijon da ya san hula idan an miƙa masa ita a Kasuwar Kurmi. Ba ya tsayawa kan launi. Juya ta yake yi ya duba cikinta, ya ga ko zaren ya kwanta, ko akwai inda mai ɗinki ta gaji ta fara tsallake. Ya murza ta, ya ɗaga ta a haske, sannan ya ce "wannan hannu ne", ko ya ajiye ta bai ce uffan ba. Duk aikin da ya samu masu yi masa irin wannan hukunci, masu bambance gwani da ɗan koyo, ya wuce biyan buƙata kawai. In don rufe kai ne, ai ko tsumma ya isa.

Hular inji ta ƙara fito da zancen fili. Layinta ba ya karkacewa, ga araha, amma mai hali ba ya sa ta ranar Sallah. Dubu ake bugawa iri ɗaya, babu inda wani ya zauna ya zaɓi wannan zare ya bar wancan.

Sai dai akwai gardama. Yawanci wani ne ke zana fasalin a kan farin ƙyalle, mai ɗinki ta bi sawunsa makonni. Waye mai fasahar? Masu zane za su ce su ne. Ni na fi karkata ga mai allura, domin zane ɗaya a hannun mata biyu hula biyu yake haifarwa, kuma farashinsu ba ya zuwa ɗaya.

Turawa ma sun sha nasu rikicin kan abin da za a kira fasaha. A 1917 wani mai fasaha, Marcel Duchamp, ya aika da mazubin fitsari wurin baje kolin fasaha a New York, har yau ana jayayya ko wurin ajiya da sa hannu sun isa su mai da abu fasaha. Mu tamu matsalar ta suna ce. Magina sun yi sa'a, ana tuna Babban Gwani Muhammadu Durugu da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a ƙarni na 19. Masu allura ba su samu haka ba. Manyan riguna masu aska takwas suna ajiye a gidajen tarihi har Landan, galibi ba a san wanda ya ɗinka su ba, kuma hular da ta fito daga Rijiyar Zaki da sunan dillali take shiga kasuwa.