Wa Ke Zaune a Gaban Mai Ba da Labarin Kansa?

Mutum ba ya ba surukinsa labari yadda yake ba abokin wasansa, ko da abin da ya faru ɗaya ne. Wannan shi ne tushen abin da masu nazari ke kira muryar mai ba da labari, kuma nan ne masu rubuta tarihin rayuwarsu suka fi tuntuɓe. Sukan zaɓi abin da za su faɗa, su manta ba su zaɓi wanda za su faɗa wa ba.

Tsofaffin labaran rayuwa na Hausa ba su da wannan matsala, domin da baki aka ba da su, mai sauraro yana zaune da alƙalami. Dorugu yaro ne ɗan ƙasar Damagaram da aka kama bawa, Bajamushe Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855. Can ya ba ɗan mishan J. F. Schön labarinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu matashi ne lokacin da ya ba da labarin, abubuwan ba su yi nisa da shi ba, shi ya sa muryarsa ta ido ce: ga abin da na gani, ga inda muka sauka. Har teburin cin abincin Turawa sai da ya ƙare wa kallo, kamar yadda Barth ya ƙare wa kasuwar Kano.

Baba ta Karo kuwa tsohuwa ce, ta haura saba'in, sa'ad da ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. Littafin labarinta ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwarta. Mai karatu Bahaushe zai lura Baba tana tsayawa ta bayyana abin da kowace mace a ƙauyensu ta sani tun tana yarinya: yadda ake ƙulla ƙawance, zaman kishiyoyi, wankan jego, kunyar ɗan fari, bori. Da ƙawarta take wa hira, da ba za ta ɓata bakinta a kan waɗannan ba. Baƙuwa ce a gabanta, kuma ƙarama gare ta, sai muryar ta zama ta uwa mai koya wa amarya zaman gari. Baƙuntar kuma ta sake mata harshe. Ta yi maganar aurarrakinta huɗu, da rashin haihuwarta, da tsoron mahara masu kama bayi, ba kuka ba alfahari. Ina jin da a gaban dangin miji ne, rabin wannan ba zai fito ba. Sai dai kada a manta tambayoyin Mary Smith suna ƙarƙashin labarin ko da ba a buga su ba. Wani abin da muke ɗauka zaɓin Baba ne, amsa ce take bayarwa.

Marubutan ƙagaggun labarai na gasar rubutun Hausa ta 1933 sun gane wannan dabara sarai. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zaunar da Shaihu Umar a gaban almajiransa, sai ga labarin bauta da rabuwa da uwa ya fito a natse, cikin muryar malamin da ya riga ya sallama wa ƙaddara. Bello Kagara ya ba Ganɗoki yara masu sauraro, ya bar shi yana yi wa kansa kirari. Dukansu “ni” suke cewa, amma ba mai rikita ɗaya da ɗaya.

Littafin Sardauna Ahmadu Bello, My Life, na 1962, yana Firimiya aka rubuta shi, da Turanci, duniya ake wa magana. Kujerar ce ke bayani. Ka fi jin mutumin a babin yarintarsa a Rabah, kafin majalisu da tsarin mulki su cika shafukan.

Mai rubutu a yau shi kaɗai ne da takardarsa ko wayarsa, ba Schön ba Mary Smith. In bai ƙirƙiro mai sauraro ba, kunya ce za ta zaɓa masa, sai ya riƙa hango kowa a lokaci guda: iyaye, malamai, surukai, maƙiya. Alamar tana bayyana a jimla. Inda ya kamata ya ce “na ƙi zuwa”, sai ka ga “ba a samu damar zuwa ba”. Inda ya yi fushi, sai “rai ya ɗan ɓaci”. Wani kuma yakan ɗora wa yaron da yake a dā hankalin dattijon da ya zama, ɗan shekara bakwai yana tsaye bakin makarantar allo yana tunanin makomar ilimi a Arewa, alhali abin da ke ransa bulalar malam ce da ɗumamen da ya baro a gida. Dattijon yana da damar yin sharhi, amma ya yi shi da bakinsa, a sakin layi na dabam, bayan yaron ya gama tsoron bulalarsa.