Jinjina ga Masassaƙan Dutsen Kolon

Duk baƙon da ya fito daga tashar jirgin ƙasan birnin Kolon na Jamus, babbar majami'ar birnin ce ke fara cika masa ido, da hasumiyoyinta biyu masu tsayin mita 157. An aza harsashinta a 1248, ba a kammala ba sai 1880.

Ni dai masassaƙan da ke jinyarta nake sara wa. Ruwan sama da gurɓatacciyar iska na cin dutsen, su kuma suna bi suna maye gurbin wanda ya zaizaye. Mutum zai duƙufa makonni da 'yar gudumarsa yana fitar da siffar ganye a jikin dutse, sannan a ɗora can ƙololuwa, inda idon ɗan yawon buɗe ido ba ya kaiwa. Duk da haka ba sa ha'inci.